Darasi na Tara: Daga Maƙerar Gaya zuwa Dajin Bama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. ambaton kayan yaƙin ƙasar Hausa na da, tare da amfanin kowanne da rauninsa;
2. bayyana dalilin da ya sa birnin Kano ya faɗa hannun Turawa cikin yini guda a 1903;
3. faɗin wuraren da sojojin Najeriya suka yi yaƙi a yaƙe-yaƙen duniya biyu, da makaman da suka riƙe;
4. nuna abin da maƙeri da manomi da ɗan dako suka yi a kowane yaƙi.

Gwajin share fage

Kafin a fara karatu, kowa ya amsa waɗannan tambayoyi a littafinsa. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya faɗa wa malami amsarsa da baki. Ba za a ba da maki ba, so ake kowa ya auna abin da ya zo da shi daga gida.

1. Mene ne bambancin sulke da lifidi?
2. A zamanin wane sarki aka fara kawo bindiga Kano?
3. Wane aiki ruwa ke yi a jikin bindiga mai ruwa?
4. Da waɗanne mutane sojojin Najeriya suka gwabza a Bama?
5. Me ya kai gammo jikin tambarin wata rundunar soja?

Gaya, gidan ƙarfe

Duk wanda ya tashi a Ajingi ko Toranke ko Balare ko Kunkurawa ya san Gaya da sarauta da kasuwa. A tarihin ƙasar Hausa kuwa, da ƙira aka fi saninta. Labarin da aka gada daga kakanni ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin dutsen Dala, ya zauna a can. Zuriyarsa su ne Abagayawa, waɗanda har yau ake danganta su da ƙira a birnin Kano. Labarin Bayajida ma ya biyo ta nan. An ce da ya baro Borno ya yada zango a Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Waɗannan labaran baka ne, ba su da shekara a rubuce, amma ku lura sun haɗu a kan abu guda: in ana neman ƙarfe mai kyau, Gaya ake nufa.

Samun ƙarfen nan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an haƙo tama, an sare ƙirya an yi gawayi, an gina murhun narki, an kwana ana zuga, kafin a sami dunƙulen da za a kai maƙera. Daga dunƙulen nan ake fitar da garma da fartanya da lauje, daga shi kuma ake fitar da kan mashi da bakin kibiya. Hannun da ke riƙe su ma ɗaya ne, domin yawancin mayaƙan da manoma ne. Shi ya sa da rani aka fi fita yaƙi: an gama girbi, rumbu ya cika, kogi ya janye, doki na iya ƙetarewa. Sarkin da ya tsare mutanensa a sansani har damina ta faɗi, yunwa ce za ta ci garinsa ko da ya ci na wani.

Kayan yaƙin da

Rundunar sarki kashi biyu ce, dakaru masu tafiya a ƙasa da barade a kan dawaki. Dakaru sun fi yawa, kuma 'yan baka ne ginshiƙinsu. Ɗan baka yana rataye da kwari cike da kibau, bakin kowace an shafa mata dafi. Ana dafa dafin daga 'ya'yan ƙwanƙwani da wasu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye sirrinsu. Kibiya mai dafi ba sai ta shiga da zurfi ba, ƙwarzane kaɗan ya isa. Sauran dakaru na riƙe da mashi ko takobi ko barandami, wasu da gora da kulki, suna kāre kansu da garkuwar fata.

Hawan doki kuwa sai mai hali, domin doki na da tsada kuma yana cin dawa kullum, ko ana yaƙi ko ba a yi. Barde na ɗauke da takobi da mashi, wani kuma da asigiri, wato mashin da duk jikinsa ƙarfe ne. Babbar matsalarsa ita ce kibiyar ɗan baka. Ita ce ta haifar da kayan kariya guda uku da har yau muke gani a hawan salla.

Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, tana tare saran takobi. Fatake ne ke ƙetaro Sahara da yawancinsa daga Masar da Arewacin Afirka, don haka sai manyan jarumai ke samun sa. Lifidi kuwa ƙyalle ne mai kauri da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa. Kibiya kan maƙale a cikin audugar kafin dafinta ya taɓa fata. Kwalkwali shi ke kāre kai. Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya nuna Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da waɗannan ukun, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙin Umbatu. Ashe asara ce ta koya masa.

Lifidi ma yana da nasa ciwon. Yana da nauyi da zafi, doki ba ya dogon gudu da shi, ɗan lifidin da ya faɗo kuma ba ya tashi sai an tashe shi. Ga shi auduga ba ta shiri da wuta, sai abokan gaba suka koyi harbo kibau masu wuta. Nauyin nan ne ya sa a wajen tafiya ake jan wasu dawakan ba mahayi, don a sauya wanda ya gaji. Su ne dawakin zage, waɗanda aka ce Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara fita da su.

Maganin doki kuma ganuwa ce, don doki ba ya hawan katanga. Sarki Gijimasu, wanda ya yi zamani daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar Kano, Rumfa da wasu sarakuna suka faɗaɗa ta. Da gangan aka bar gonaki da kududdufai a cikinta, don in an yi wa birni zobe mutane su sami abinci da ruwa har maharan su gaji su tashi. Garin da ke da ganuwa da maƙera yana iya ɗaga wa sarki kai. A zamanin Sarki Dadi, tsakanin 1670 da 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai kai haraji Kano ba. Ba a fagen fama aka ci shi ba, lallaɓa shi aka yi ya fito ganawa aka kashe shi. Hausawa dai sun ce yaƙi ɗan zamba ne.

Zuwan bindiga

An fara kawo bindiga Kano daga ƙasar Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaron lafiyarsa. To, me ya sa bindiga ta yi fiye da shekara 100 a ƙasar nan ba ta kori baka ba?

Maharbanmu sun san amsar, domin irin bindigarsu ce ta toka. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda, sannan a harba sau ɗaya. Kafin a sake ɗurawa ɗan baka ya saki kibau da dama. In ruwa ya taɓa albarushi, bindiga ta zama sanda. Babban amfaninta a lokacin shi ne ƙararta, mai razana dawaki da mutane. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, sun karya rundunar Gobir mai dawaki da lifidi. A 1807 kuma masu jihadi a ƙasar Kano suka karya Sarki Alwali a Ɗanyaya.

Gabashin Kano bai huta ba a ƙarni na 19. Daga wajen Haɗeja Sarki Buhari ya yi ta kawo hari har rasuwarsa a 1863, daga kudu kuma Ningawa kan sauko daga duwatsu su kwashi mutane da dabbobi. Wannan ya sa sarakunan Kano suka yi ta kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro masu ganuwa, ƙananan ƙauyuka kuma suka riƙa yin kafi da itace da ƙaya. Daga arewa ga Damagaram, inda Sarki Tanimu ya sa aka riƙa ƙera igwa a cikin birninsa. Sannan basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wato magoya bayan Tukur da na Yusufu. Yusufawa sun yi sansani a Takai, Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba, wato Sarki Alu, ya ja rundunar ya shiga Kano a 1894. An kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Shekara takwas kacal bayan wannan ɓarna sai ga Turawa.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903

Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 bisa umarnin Gwamna Lugga. Yana tare da sojoji baƙar fata fiye da 700, da Turawa da ba su kai 40 ba, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu, da ayarin 'yan dako masu ɗauke da harsashi da abinci. Ya fasa Bebeji a hanya, ya iso Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarki Alu yana Sakkwato da yawancin baradensa. Ganuwar da zagayenta ya haura mil 11 ta yi aikinta, domin igwa ta kasa huda ta. Sai suka juya kan ƙofofi, suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kāre Gidan Rumfa.

Bindiga mai ruwa ita ce Maxim, wadda Hiram Maxim ya ƙirƙiro a 1884. Ƙarfin da harbi ke tunkuɗo ta baya shi ke fitar da kwanson da aka harba ya ɗora sabon harsashi, don haka muddin yatsa na danne, ba ta tsayawa. Harsasanta na jere a ɗamara mai cin 250, tana iya harba 500 zuwa 600 a minti ɗaya. Irin wannan harbi zai sa bututun ya yi jawur ya lalace, shi ya sa aka saka shi cikin kwanson da ake cikawa da ruwa yana sanyaya shi.

Ban da makami akwai tsari. In barade suka taso, sojojin kan tsaya sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe bindigogi na kallon waje, ba wanda zai harba sai an ba da oda. A ƙarshen Fabrairu, a kusa da Kwatarkwashi, sojoji ƙasa da 50 da suka yi wannan tsayuwa sun tare sukuwar baraden Kano sau da dama, a nan Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, amma sulke da lifidi ba a yi su don harsashi ba. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli, sannan a Afrilun 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu ya mutu da takobi a hannu tare da manyan fadawansa.

Abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, ya nuna cewa bindigar ba ta aiki ita kaɗai. A Fabrairun 1906 mutanen ƙauyen, da gatura da fartanyu da kibau, suka auka wa sojojin kafin su daidaita sahu su kafa Maxim ɗinsu. Suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindigar. A watan Maris aka dawo da babbar runduna aka shafe ƙauyen.

Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918

Sojojin da suka ci Kano da yaƙi yawancinsu masu jin Hausa ne. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, kuma daga ita sojan Najeriya ke lissafin asalinsa. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma mai suna WAFF a ƙarƙashin Lugga. Hausa ce ta zama harshen bariki.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus a 1914, sai aka tura wannan runduna Kamaru, wadda ke hannun Jamusawa. Garwa ta faɗi a Yunin 1915. Dutsen Mora kuwa an yi masa zobe kusan shekara ɗaya da rabi, sai a Fabrairun 1916 masu tsaronsa suka miƙa wuya. Daga nan aka ɗebi bataliyoyin Najeriya a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Ingila da Faransa suka raba Kamaru, kuma yankin arewa na rabon Ingila shi ne ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar 1961, aka kira shi Lardin Sardauna.

Baƙar fata ne ke harbin juna a ɓangarorin biyu. Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya fara soja a wajen Jamusawa, aka kama shi a Garwa, ya shiga sojan Najeriya a 1917. Ya kai muƙamin samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953. Barikin soja na Lakwaja na ɗauke da sunansa.

Yaƙin Hitila da yaƙin Bama, 1939 zuwa 1945

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar samari. Wasu sun tafi da son ransu, wasu tura su aka yi. Mutum ya shiga yana kurtu, ya gama horo ya zama farabiti, sannan las-kofur mai igiya ɗaya, kofur mai biyu, saje mai uku, sai samanja. A nan tsanin ɗan Najeriya ke ƙarewa a lokacin, domin sai a 1948 aka fara ba ɗan ƙasa muƙamin hafsa.

Fagensu na farko Gabashin Afirka ne, inda suka kara da Italiya. Birged ɗin Najeriya ya taso daga Kenya a motoci, ya shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ya nausa har Harar ta ƙasar Habasha. A 1943 aka haɗa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga can suka shiga Bama, wadda yau ake kira Myanmar, don yaƙar Japanawa. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Bindigar kowane soja ita ce Lee-Enfield, mai cin harsashi 10, ana ja mata ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, ana kuma ɗaura mata banati a baki don faɗan gaba da gaba. Kowane ƙaramin rukuni na da Bren, mashin-gan mai cin harsashi 30, wadda mutum biyu ke kula da ita. Akwai gurneti na jifa da hannu, da ƙaramar igwa mai cilla bam sama ya faɗo bayan tudu. Sai kuma adda, wadda a dajin Bama ba ranar da ba ta aiki.

Yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan duwatsu ne da dajin gora da ruwan sama mai yawa, ga sauro da matsattsaku. Mota ba ta shiga. Runduna ta 81 da adda da diga da shebur ta sare hanya mai tsawon mil 75 zuwa Kaladan. Abinci da harsashi daga sama jiragen Dakota ke jefo musu da laima. Daga inda kayan suka faɗo kuma, wa zai kai su bakin daga? Dubban sojoji 'yan dako ne ke ɗaukar su a ka, har da igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, da masu rauni a kan makara. Saboda su ne rundunonin nan suka iya bin hanyoyin da Japanawa ba su zaci za a biyo ba. Tambarin runduna ta 82 mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, na runduna ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo ne.

Bataliyoyin Najeriya uku sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate a 1944, aka sauke su da jirgin sama a bayan sahun Japanawa. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung. Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu, Japan kuma a watan Agusta, bayan Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Sunayen da suka shafi yaƙin Bama na nan a barikokinmu: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Barikin Bukavu na Kano kuwa daga aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, na 1960 zuwa 1964, ya samo sunansa.

Waɗanda suka yi yaƙi daga gida

Manomin ƙasar Gaya da bai taɓa riƙe bindiga ba, shi ma yaƙin ya zo har gonarsa. Ingila na matuƙar buƙatar mai, sai aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, jirgin ƙasa na kwasar ta daga Kano zuwa bakin teku. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinan Jos har 1944. Sanyi da ƙarancin abinci sun hallaka da yawa a can. Gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada a kasuwanni.

Filin jirgin saman Kano ma fagen aiki ne. Daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum zuwa Masar. Jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Labarin yaƙin kuwa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ake samun sa, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Mai karatu ɗaya kan karanta wa jama'a a dandali. Mazan jiya da suka dawo sun zo da tuƙi da kanikanci da karatun boko, wasu kuma da raunin da ya bi su har kabari. Ana tunawa da su duk ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970.

Taƙaitawa

Kowane kayan yaƙi an yi shi ne don maganin wani: lifidi don kibiya, kibiya mai wuta don lifidi, ganuwa don doki, igwa don ƙofar ganuwa. Wanda ya haddace sunan makami bai san matsalar da aka yi shi dominta ba, saninsa bai cika ba. Makami kuma ba ya ƙera kansa, ba ya ɗaukar kansa, ba ya ciyar da mai riƙe da shi. Don haka in ana lissafin waɗanda suka yi yaƙi, a sa da maƙeri da manomi da ɗan dako.

Tambayoyi

A. Ku sake duba amsoshinku na gwajin share fage, ku gyara da kanku.

B. Cike gurbi:
1. Zuriyar maƙerin da ya taso daga Gaya zuwa Dala su ne ________.
2. Sarki ________ ne ya fara shigo da sulke da lifidi da kwalkwali.
3. Turawa sun shiga Kano ta Ƙofar ________ a shekarar ________.
4. Soja mai igiya uku shi ne ________.

C. Gaskiya ko ƙarya? In ƙarya ce, a faɗi daidai:
1. Da damina aka fi fita yaƙi a ƙasar Hausa.
2. Igwar Morland ta rushe ganuwar Kano.
3. A Habasha, da Italiya sojojin Najeriya suka yi yaƙi.
4. Barikin Bukavu ya samo sunansa daga yaƙin Bama.

D. Jera waɗannan daga na farko zuwa na ƙarshe: yaƙin Satiru, basasar Kano, ƙwace Myohaung, yaƙin Tafkin Kwatto, faɗuwar Mora.

E. Lissafi:
1. In Maxim na harba harsashi 500 a minti, ɗamara nawa mai cin 250 za ta cinye a minti 3?
2. Shekara nawa ne tsakanin faɗuwar Kano da ƙarshen yaƙin Bama?

F. Tattaunawa, a rukunin mutum huɗu ko biyar:
1. Me ya sa mutanen Satiru suka yi nasara a karon farko, baraden Kano kuwa ba su yi ba a Kwatarkwashi?
2. Da ku ne Sarkin Gaya a zamanin harin Ningawa, da me za ku fara kashe dukiyar gari a kai: dawaki, ganuwa, bindigogi ko rumbunan hatsi? Ku kawo hujja.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan, ya kawo rahoton layi goma a zama na gaba.

1. Ku ziyarci maƙeri a garinku, ku tambaye shi inda yake samun ƙarfe yau, da inda kakanninsa ke samu, da kayan da suke ƙerawa waɗanda yanzu an daina.
2. Ku nemi dattijo ko dattijuwa da mahaifinsu ko kawunsu ya je Bama ko aikin kuza. Ku gaisa yadda ya kamata, ku nemi izini kafin ku rubuta, kada kuma ku matsa wa wanda ba ya son tuna abin. Ku rubuta yadda aka ɗauki mutumin, da shekarun da ya yi, da sana'ar da ya kama bayan ya dawo.
3. Ku bincika ko garinku ya taɓa yin ganuwa ko kafi. In akwai kufanta, ku auna faɗinta da taku, ku tambayi mai unguwa sunayen ƙofofinta da maharan da aka gina ta dominsu.